Ƙafafun da Neville Ya Yi wa Dandamali

Neville Trounce ya sha faɗa cewa duk abin da hannun ɗan Adam ya haɗa, shi zai iya warware shi ya mayar, ya ma fi yadda yake da. Wurin faɗar ɗaya ne, kujerar ƙarshe ta mashayar ƙungiyar masu jirage a Port Merrin, kofin giya a gabansa, yana buga tebur da ɗan yatsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sayar da labule da kafet. Ƙofar shingen gidansa, da shi ya kafa ta, sai an tallabe ta da gwiwa take buɗewa. Famfon wankansa kuwa, in ka murɗa na zafi ruwan sanyi ke zubowa, in ka murɗa na sanyi sai na kicin ya fara kuka. Duk garin an san wannan. Shi kaɗai ne labarin bai iske ba.

Matarsa Noelene ba mai yawan magana ba ce. Shekararta hamsin da tara, kuma shekara uku ke nan kullum da sassafe tana cikin teku, ko ana zafi ko ana sanyin da ke kaɗa haƙora, tana shirin abu guda: Ƙetaren Tsibirin Awaki. Kilomita bakwai ne a iyo daga bakin yashinmu zuwa tsibirin, sau ɗaya a shekara, Asabar ta biyu ga watan Fabrairu. Shekarar farko mura ta kwantar da ita. Ta biyu iska ta tashi aka soke. Wannan ta ukun ita ce ta ƙarshe, don likita ya sa mata ranar aikin kafaɗa a watan Afrilu, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa bayan aikin ta yi sallama da iyo mai nisa.

Dokar Ƙetare ba ta da lauje. Kowane mai iyo da jirgin rakiyarsa, kuma jirgin ya kasance a jikin jar gangar da ke shawagi a bakin mashigar teku kafin a busa ƙaho ƙarfe takwas. Ba jirgi, ba shiga ruwa. Jirgin ma sai an duba shi an manna masa sitika, kuma abin da aka fi dubawa shi ne dandamalin baya, ɗan faifan katakon nan da ke manne a bayan jirgi dab da ruwa, don in mutum ya galabaita a tsakiyar teku ta nan ake jawo shi sama.

Jirgin gadon Noelene ne daga mahaifinta. Ita ke tuƙa shi, ita ke sauke shi a ruwa, ita ke wanke shi. Aikin Neville a cikinsa riƙe kular abinci ne da ba da shawara. Bana kuwa, tunda ita za ta kasance cikin ruwa, tuƙi ya faɗo kansa.

Ana saura mako guda Kosta Lambros ya zo dubawa. Shi ne mai gyaran jiragen garin, shi ne kuma mai sitika. Jirgin yana tsakar gida a kan amalankensa na ƙarfe mai taya biyu, wanda ake ja da mota. Kosta ya ɗora ƙafa ɗaya a dandamali, dandamali ya duƙa masa kamar mai gaisuwa. Ya ƙwanƙwasa bangon bayan jirgin da gindin sukurudireba, aka ji wani ɗum-ɗum irin na kankanar da ta wuce lokaci. Ya ce katakon da ke cikin bangon ya sha ruwa ya ruɓe. A kawo masa jirgin rumfarsa Litinin, a ɗauka Laraba.

Noelene ta ce to. Neville ya yi dariya ta hanci.

"Noti huɗu ne fa, Kosta. A kan noti huɗu za ka riƙe mana jirgi kwana uku?"

"Ba notin ne ya mutu ba, Nev. Abin da notin ke riƙe da shi ne."

"Ka dawo Juma'a da sitikarka. Ka taho da ƙatti uku su hau."

Kosta ya dubi Noelene, ya ɗaga kafaɗa, ya shiga motarsa.

Da suka zauna cin abinci ta roƙe shi ya kai jirgin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa, "Nev, ba ni da wata shekarar." Shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce ai don haka ne ma ba zai bar aikin a hannun bare ba, mutumin da ke gyara jirgi arba'in a mako ina zai sa zuciyarsa a guda ɗaya. Shekara talatin da huɗu na aure sun koya mata abubuwa da yawa, amma ba su raba ta da wannan ɗan rauni ba, na cewa ko wannan karon zai dace.

Litinin da hantsi ya fito da akwatin sifanu, sabo fil, wasu ma ba a ciro su daga leda ba. Maƙwabcinsu Merv Haddow, tsohon masunci da ya ajiye aiki, ya jingina da shinge da kofin shayi a hannu. Merv shi ne shugaban dattawan gangare. Duk Asabar da Lahadi sukan kafa kujerun naɗewa a gefen gangaren simintin da ake sauke jirage, su yage kwalin giya su rubuta lambobi, duk wanda ya sauke jirginsa su ɗaga masa maki daga ɗaya zuwa goma. Ba wanda ya ɗora musu wannan aiki, ba kuma wanda ya isa ya sauke su.

Neville ya kafa sifana a notin farko ya murɗa. Noti ya juya. Ya ƙara murɗawa, ya ƙara juyawa, ba ya tauri ba ya sakewa. Ya taka ƙafa ya ja, sai ga ƙusar gaba ɗaya a hannunsa, baƙin katako jiƙaƙƙe na biye da ita kamar ganyen shayin da aka gama tacewa. Merv ya miƙo kofinsa ta saman shinge ya tambaya ko za a ɗan ƙara masa. Neville ya ce abin da ya nufa ke nan, sai an fitar da tsohuwa ake sa sabuwa.

Talata ya sayo sukurori masu tsawon tafin hannu, ya ce gajarta ce matsalar na da. Ya kama injin huda ya yi sababbin ramuka takwas. Biyu sun faɗa cikin ruɓaɓɓen wuri, uku sun tsinke wayar fitilar baya, ɗaya kuma ya ratsa bangon ya shige cikin kular Noelene da ke jingine daga ciki, ya kafe ta a jikin jirgi. Merv ya ce wannan dabara ce mai kyau, yanzu ɓarawon kula sai ya haɗa da jirgi. Da yamma dandamalin da ke rawa a kan ƙusa huɗu ya koma rawa a kan goma sha biyu.

Laraba ranar gam ce. Akwai wani farin gam na jirage da Kosta kan ce kada ka shafa shi sai a abin da ba ka fatan sake ganin rabuwarsa har ka mutu. Ɗan ɗigo ake sawa. Neville ya matse kwalba uku. Ya durƙusa a ciki ya bar gashin ƙwaurinsa, ya goge zufa ya shafe gilashin idonsa, ya miƙe a kan dandamali don ya danne shi da nauyinsa, da ya zo sauka sai ya sauka da silifa ɗaya. Ɗayan da wuƙar kicin aka yanko shi, tafinsa yana nan manne. Kafin azahar kawuna uku ne a saman shinge, don Merv ya aika an kira abokan aiki. Ɗayansu ya ɗaga kwali mai lamba biyu. Merv ya ce masa ya yi adalci, mutum ya rasa takalmi a bakin aiki, a ba shi uku.

Ran nan Neville ya zagaye jirgin da tamfol ta ko'ina, ya ɗaure da igiyar shanya. Ya ce aikin gwani ba a yin sa a gaban 'yan kallo.

Noelene ta dawo daga shagon burodin da take aiki, ta shiga ƙarƙashin tamfol, ta taɓa dandamali da yatsa ɗaya. Dandamali ya kaɗa kai. Ta shiga ɗaki ta kira Kosta. Kosta ya ce da Litinin ne da an yi, yanzu jirgi biyar ne a rumfarsa, kowanne na Asabar. Ta kira duk wanda ta sani mai jirgi, kowane jirgi a garin an riga an haɗa shi da mai iyonsa. Ta ajiye waya ta zauna a bakin gado. Neville ya leƙo da gilashinsa mai farin tabo ya ce ta kwantar da hankalinta, ya gano inda matsalar take.

Bai gano ba. Sai washegari da safe, yana shafa wa burodi bota, ya lura cewa teburin kicin ba ya rawa. Ya girgiza shi, bai motsa ba. Ya leƙa ƙasa ya ga dalili. Ƙafafu. Ya ajiye burodin a hankali kamar wanda aka yi wa wahayi. Shekara arba'in Kosta yana gyaran jirage, bai taɓa tunanin ya yi wa dandamali ƙafafu ba.

Ya sayo sandunan ƙarfe biyu masu kauri, ya kwanta rigingine ya ja jiki ƙarƙashin jirgin. Wannan ne karon farko a rayuwarsa da ya ga jirgin daga ƙasa. Tamfol ya tare haske, gilashi ya tare sauran. Ya ɗaure kan sandunan a ƙasan dandamali, sannan ya shiga laluben inda zai kafa gindinsu. Ƙasan jirgin sulɓi ne da lanƙwasa, ba wurin kamawa. Ya ɗan ƙara miƙa hannu ƙasa, sai ya ci karo da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, kwance a gicciye, kauri kamar cinyar mutum, har da ramuka a jikinsa kamar an yi su don shi. Ya buga shi da sifana ya ji amon lafiya. Ya yi mamakin yadda masu ƙera jirgin suka sa irin wannan ƙarfe a nan ba su yi amfani da shi ba.

Masu ƙera jirgin ba su sa shi ba. Ƙarfen bayan amalanke ne.

Neville ya ɗaure ƙafafun a jikinsa da noti bibbiyu. Ya tuna yadda na farko suka yi ta juyawa, sai ya cika su da sauran farin gam, ya kuma sa guduma ya daddake bakin kowace ƙusa har ta baje, yadda ko jikan jikansa ba zai kwance ta ba. Da ya fito ya ga tabon gam da tafin silifa sun ɓata wurin, sai ya ɗauko ragowar koren kafet na zamanin shagonsa, ya shimfiɗa a kai, ya saki gefensa ya sauko har kusa da ƙasa kamar zanen tebur.

Juma'a Kosta ya zo da ƙatti uku, don shi ma ba ya mantuwa. Ya ɗora ƙafa ɗaya. Ya ɗora ta biyu. Ya yi tsalle. Ƙattin suka hau ɗaya bayan ɗaya, su huɗu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna tsalle tare, dandamali ko gezau. Kosta ya sauko yana sosa ƙeya, ya sunkuya zai ɗaga kafet, Neville ya sha gabansa.

"A'a, mutumina. Ka ce in kawo maka Litinin in ɗauka Laraba. Yanzu kuma kana so ka koya a tsaye?"

Jirgi arba'in da ɗaya ke jiran Kosta ran nan. Ya manna sitika ya tafi yana waiwaye. Noelene ta hau da kanta, ta tsaya, ta ɗan yi lilo da jikinta. Ta sauko ta kama kan Neville da hannu biyu ta sumbaci tsakiyar sanƙonsa. Da yamma a mashaya ya ce yana tunanin buɗe ɗan aji ranar Lahadi don masu gyaran jirage, ba zai hana Kosta zama a gaba ba in ya zo da wuri.

Asabar gari ya waye tas, teku kwance kamar an yi mata guga. Tun bakwai saura an cika gadar masunta da ta miƙe cikin teku, ana gasa sosej da albasa, lasifika na kiran lambobi. Noelene tana can bakin yashi cikin sauran masu iyo, an shafe ta da man gashin tumaki tun daga wuya har idon sawu saboda sanyi, hular roba ruwan ɗorawa a kanta, lamba talatin da bakwai a damtsenta. Ta ce wa Neville ya sauke jirgi tun shida da rabi. Shi kuwa ya tsaya a gefen hanya ya bar kowa ya wuce gabansa, don yana son sa'ad da zai sauke nasa kujerun dattawa sun cika, gada ta cika, ba wani jirgin da zai raba masa ido. Bakwai da rabi ya shigo gangare, shi ne na ƙarshe, gwiwar hannu a tagar a-kori-kurarsa.

Ribas ɗin farko amalanke ya nufi kwandon shara. Na biyu ya nufi kujerar Merv, Merv ya ɗaga ƙafafunsa bai ajiye shayinsa ba. A na huɗu tayoyin suka shiga ruwa. Neville ya ja birkin hannu, ya sauko, ya cire ƙugiyar da ke riƙe da hancin jirgin, ya ɗan tura shi da tafin hannu ɗaya yana kallon jama'a, yadda ya ga Noelene na yi.

Jirgi bai motsa ba.

Ya sa hannu biyu. Ya sa kafaɗa. Ya ce wa dattawa tayoyin robar da jirgin ke zamewa a kansu ne suka bushe, laifin mai wanke su ne. Merv ya ce shekara ashirin yana ganin mai wanke su tana sauke jirgin nan da yatsa biyu. Neville ya koma mota ya yi dabarar da kowa ke yi, ya taho da baya da gudu ya taka birki don jirgin ya sulale. Abin da ke bayan motar duk ya sulale, har da kular giyarsa da takalmin ruwa, jirgi yana nan. Ya ƙara komawa baya. Ya ƙara. Ruwa ya kai tayoyin bayan mota, ya kai salansa ta fara kumfa, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa masa ƙafa. Ya ce bari ya fito ya sake shiri, ya sa giyar gaba, tayoyi suka yi ta juyawa a kan gansakuka suna fesa wa layin gaba na 'yan kallo koren ruwa. Sannan injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Lasifika ta ce saura minti goma sha biyar, jirgin mai lamba talatin da bakwai bai iso ganga ba.

Maza shida suka shiga ruwa suka sa kafaɗa a hancin jirgin, ba don Neville ba, don Noelene. Suka tura tare, sai jirgi da amalanke da mota suka ja baya taku guda gaba ɗayansu. Ɗaya daga cikinsu ya ce wani abu na riƙe da jirgin nan daga baya, bari ya duba. Neville ya ce kada wanda ya taɓa masa aiki, bayan jirgin nan shi ne wuri mafi lafiya a duk garin, Kosta ma shaida ne. Zurfi ne bai isa ba. A cire amalanken daga jikin mota a bar shi ya gangara can ciki, jirgi zai taso da kansa, haka ruwa yake aiki.

Merv ya ce shi dai bai taɓa gani ba, amma yana so ya gani.

Aka cire. Neville ya haye jirgi, amalanke ya gangara da shi cikin teku, kuma ga mamakin kowa jirgin ya taso. Gindinsa ya ɗan nutse, hancinsa ya ɗaga sama, amma yana bisa ruwa. Neville ya tayar da inji ya sa ribas, jirgi ya soma ja da baya a hankali, da nishi, kamar mai jan buhu. Ya cire hula ya ɗaga wa gada. Wasu ma sun tafa. Mutanen da ke ƙarshen gada ne suka fara daina tafi, don daga sama ruwanmu garau yake, kuma sun ga amalanke na bin jirgin a ƙasa, tayoyinsa na juyawa sannu-sannu, lambarsa na ƙyalli.

Taku hamsin daga gada, dogon wuyan amalanken ya saƙale a wata tsohuwar sarƙa da ke kwance a ƙasan ruwa. Jirgi ya tsaya cak. Neville ya ƙara wuta, ba labari. Ya sa giyar gaba ko zai girgije, ba labari. Lasifika ta ce saura minti uku. Ya bar injin a giya, ya ƙetara bangon baya, ya sauka a kan koren kafet ɗinsa ya sunkuya zai leƙa.

Ƙafafun sun riƙe. Abin da bai riƙe ba shi ne ruɓaɓɓen katakon da Kosta ya ƙwanƙwasa. Sukurori goma sha biyu suka fice a tare da wani sauti kamar an cire takalmi daga laka. Jirgi ya yi gaba shi kaɗai, a natse, ya nufi gida kamar saniyar da ta san hanya, ya kafa hanci a yashin gefen gangare ruwa na shiga ta ramukan bayansa. Merv ya tashi daga kujera ya kashe injin. Amalanke kuwa ya zauna a ƙasan teku, dandamali a kansa, Neville a kan dandamali. Ya yi ƙasa a tsaye har ruwa ya kai masa cinya, nan ya tsaya.

Aka busa ƙaho.

Huluna arba'in da ɗaya suka faɗa ruwa, jirage arba'in da ɗaya suka bi su. Hula ɗaya ta rage a bakin yashi. Kosta ya je wurinta da allon sunaye a hannu, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta gyaɗa kai, ya ja layi a kan sunanta. Ta tsaya tana kallon hulunan suna ƙanƙancewa har suka wuce jar ganga. Sannan ta juyo ta tako bakin ruwa zuwa gada, mutane na buɗe mata hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Ta sauke gilashin iyonta a kan idonta, ta shiga ruwa, ta nufi mijinta.

Neville bai iya iyo ba. Shekara sittin da biyu a bakin teku, ya ɓoye wannan da cewa ruwan gishiri na ɓata masa kunne. Daga kan dandamali zuwa ko'ina ruwan ya fi ƙarfin tsayinsa, kuma duk jirgin da ke da inji ya tafi tsibiri. Da ya ga ta iso sai ya saki fuska, ya fara bayanin cewa sarƙar nan ba ta cikin taswira, ya kamata a kai ƙara.

Ta nutse. Ta daɗe a ƙasa, har kafet ya ɗaga ya koma. Da ta taso sai ta juya wajen gada, ta yi magana da muryar da take kiran lambar masu jiran burodi, ba ihu, amma ba wanda bai ji ba.

"Kosta, ka ce kana so ka san yadda ya yi. Ƙafafu ya yi masa, na ƙarfe, guda biyu. Ya ɗaure su a jikin amalanke. Noti bibbiyu, ya sa gam, ya daddake bakinsu."

Wani can baya a kan gada ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Kosta bai yi dariya ba, ya zauna a kan bokiti ya rufe fuska da allon sunaye. Dattawa suka haɗa kai suna shawara, a ƙarshe Merv ya ce ba su da kwalin da ya dace, ba su taɓa zaton za a buƙaci abin da ya gaza ɗaya ba.

"Noelene," in ji Neville, ƙasa-ƙasa, "ki ɗan ja ni zuwa gada. Ma yi maganar a gida."

Ya miƙa hannu ya kama kafaɗarta, man tumaki ya zame masa, ya yi tangal-tangal ya dawo da ƙyar yana rungume da iska.

Ita kuwa ta tambayi Kosta nawa ne daga ƙafar gada ta ƙarshe zuwa inda Neville yake. Kosta ya sauke allon, ya auna da ido ya ce mita hamsin, ko da 'yar ɗoriya. Ta tambaya ko akwai dokar da ta hana mutum iyo a cikin mashiga ba jirgin rakiya. Ya ce babu. Ta ce to zuwa da dawowa ɗari ke nan, sau saba'in kilomita bakwai, a sami mai ƙirga mata.

"Kai kuma ka tsaya nan kada ka motsa," ta ce wa Neville. "Ina buƙatar abin da zan riƙa zagayawa."

Dattawa suka kwashi kujerunsu daga gangare suka jera a ƙarshen gada. Mai gasa sosej ya jawo murhunsa kusa. Wanda ke riƙe da lasifika, tunda ba shi da sauran aiki sai masu tsibiri sun isa, ya karɓi ƙirgar. Noelene ta taɓa ƙafar gada, ta miƙe, hannu bayan hannu, ba gaggawa, irin bugun da ta yi shekara uku tana gyarawa. Ta zagaye Neville ta hagu ta koma. Gada gaba ɗaya ta ce ɗaya.

A zagaye na tara wani tsuntsun teku ya sauka a gefen kafet ya dube shi ya tashi. A na goma sha biyu ya ga ta nufo shi, fuskarta na fitowa ta gefensa duk bugu uku don shan iska, sai ya sunkuya ya tattara hannu a baki ya ce mata, in aka duba da kyau, dandamalin kansa ai bai motsa ba.

Noelene ta mayar da numfashinta ɗaya gefen. Da ta taɓa ƙafar gada, lasifika ta ce saura hamsin da takwas.